Babi na Uku: Me Ya Sa Kujerar Kocin Manchester United Ba Ta Zaunuwa?

Duk ranar da aka ci Manchester United, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidajen kallon ƙwallo, daga Kano har Damagaram: wai me ke damun ƙungiyar nan ne, da duk kocin da aka kawo sai ya fita da kunya? Ba 'yan koyo ake ɗaukowa ba. Louis van Gaal ya ɗauki Kofin Zakarun Turai da Ajax tun 1995. José Mourinho ya ɗauka sau biyu, da Porto da kuma Inter Milan. Erik ten Hag da Ruben Amorim kowannensu da kofunan lig na Holan da na Fotugal ya iso. Duk da haka tun da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013 babu wanda ya kawo kofin Firimiya Old Trafford.

Magoya bayan ƙungiyar sun rabu biyu. Wasu na cewa kocin ne bai iya ba, a kawo wani. Wasu na cewa haƙuri ne babu, ai shi ma Ferguson sai da aka ba shi lokaci. Kowane ɓangare na da 'yar gaskiyarsa, amma wanda ya koma baya ya bi jerin waɗanda suka hau kujerar nan tun farko zai ga cewa abin da ake kuka da shi yau an taɓa yinsa, kusan sak, shekara hamsin da suka wuce.

Lokacin da koci ba kowa ba ne

Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa ƙungiyar a 1878 da sunan Newton Heath, sai a 1902 ta koma Manchester United bayan bashi ya kusa rufe ta. A wancan zamani, a yawancin ƙungiyoyin Ingila, daraktoci ne ke zaɓar waɗanda za su buga wasa. Mutumin da za mu kira koci a yau sakatare ne: shi ke rubuta wasiƙu, ya shirya tafiya, ya lura da kuɗin ƙofa.

A cikin waɗannan sakatarori mutum ɗaya ne ya bar suna, Ernest Mangnall, wanda ya zo a 1903. A hannunsa United ta ci kofin lig na farko a 1908, Kofin FA a 1909, ta sake cin lig a 1911, a zamaninsa kuma aka buɗe Old Trafford a 1910. A 1912 ya tattara ya koma Manchester City. Daga nan sai abubuwa suka taɓarɓare. Fiye da shekara 30 babu lig, babu Kofin FA. A ƙarshen 1931 wani ɗan kasuwa mai ɗinka kayan sarki, James Gibson, ne ya zuba kuɗinsa aka biya albashi, a 1934 kuma sai a wasan ƙarshe na kaka, a gidan Millwall, ƙungiyar ta tsira daga faɗawa rukuni na uku. Sannan yaƙi ya zo, jiragen Jamus suka yi wa Old Trafford ruwan bama-bamai a Maris 1941.

Sharuɗɗan Busby

A Fabrairun 1945 Gibson ya zauna da wani ɗan Scotland mai shekara 35 wanda har lokacin yana cikin kakin soja. Matt Busby ya taka leda a Manchester City da Liverpool, bai taɓa riƙe ƙungiya ba. Filin wasa ma babu, sai aron na City ake yi a Maine Road, kuma haka aka ci gaba har 1949. Amma shi ne ya gindaya sharuɗɗa. Ya ce shi zai zaɓi 'yan wasan da za su buga, shi zai ce a sayi wane a sayar da wane, shi zai tsaya kan atisaye da kansa. An yi masa tayin shekara uku, ya ce biyar, domin aikin ba zai nuna kafin nan ba. Gibson ya amince.

Yau wannan ba zai ba kowa mamaki ba, amma a lokacin sabon abu ne ganin mai riƙe da ƙungiya ya tuɓe kwat, ya sa kayan atisaye, ya shiga taɓo tare da yaransa. Ya ɗauko Jimmy Murphy, ɗan Wales da suka haɗu a soja, ya damƙa masa matasa. Kofin FA ya zo a 1948, lig a 1952. Da waɗancan 'yan wasa suka tsufa, bai shiga kasuwa ba, sai ya ɗora yaran da Murphy ya raina, irin su Duncan Edwards da Bobby Charlton, suka ci lig a 1956 da 1957.

Ranar 6 ga Fabrairu, 1958, jirgin da ya ɗauko su daga Belgrade ya yi haɗari wajen tashi a Munich. Mutum 23 suka rasa rayukansu, takwas daga ciki 'yan wasa, har da Edwards da ya cika a asibiti bayan kwana 15. Busby kansa ya yi makonni rai kwakwai mutu kwakwai. Murphy bai shiga jirgin ba saboda yana Cardiff yana jagorantar tawagar Wales a wasan neman gurbin Kofin Duniya. Shi ya harhaɗa 'yan benci da matasa da 'yan ƙalilan da aka sayo cikin gaggawa, ya kai su har wasan ƙarshe na Kofin FA a watan Mayu, inda Bolton ta ci su biyu da nema. Ba kasafai ake sa sunan Murphy a jerin manyan masu horar da United ba, kuma a ganina an ƙware shi. Wata uku da ya riƙe ƙungiyar sun fi shekaru ukun wasu nauyi.

Busby ya warke, ya sake gini a karo na uku: Kofin FA a 1963, lig a 1965 da 1967, da George Best da Denis Law da Charlton. A Mayun 1968 suka doke Benfica da ci huɗu da ɗaya a Wembley, United ta zama ƙungiyar Ingila ta farko da ta ɗauki Kofin Zakarun Turai. Shekara guda bayan haka ya sauka.

Tsohon maigida na nan kusa

Sai dai bai tafi ba. An ba shi muƙamin babban manaja, ya ci gaba da zama a Old Trafford, aka ɗora Wilf McGuinness mai shekara 31 a kan 'yan wasan da wasunsu sa'anninsa ne, waɗanda suka tashi tare a ƙarƙashin Busby. Duk wanda aka ajiye a benci ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Disamban 1970 aka sauke McGuinness, Busby ya dawo ya ƙarasa kakar.

Frank O'Farrell ya zo daga Leicester a 1971. Daga baya ya sha ba da labarin cewa da ya iso sai ya tarar Busby na nan a ofishin koci, shi kuma wani ƙaramin ɗaki ake shirya masa, sai da ya buɗe baki ya ce a ba shi ofishin. Ofis ya samu, amma ƙungiyar ba ta taɓa zama tasa ba. Taurarin 1968 sun tsufa, Best na ɓacewa daga atisaye, kuma taɓa ɗayansu tamkar taɓa Busby ne. Crystal Palace ta zura musu biyar ba ko ɗaya a Disamban 1972, kwanaki kaɗan bayan haka aka sallame shi.

Tommy Docherty ne ya yi ƙarfin halin share tsofaffin. Kuɗin da aka biya shi ne faɗawa rukuni na biyu a 1974, shekara shida kacal bayan kofin Turai. Har yau ana tuna ƙwallon da Denis Law, sanye da rigar City, ya ci United da dunduniya a Old Trafford, ya ƙi yin murna, kodayake sakamakon sauran wasannin ranar ya isa ya saukar da su ko da bai ci ba. Docherty ya dawo da su a shekara guda, ya ci Kofin FA a 1977 a kan Liverpool, sannan aka kore shi bayan 'yan makonni saboda wata magana ta rayuwarsa ta gida. Dave Sexton ya yi shekara huɗu babu kofi, aka sallame shi a 1981 alhali ya ci wasanninsa bakwai na ƙarshe a jere, laifinsa wai wasansa ba ya burge 'yan kallo. Ron Atkinson ya sayo Bryan Robson a kan fam miliyan 1.5, ya ci Kofin FA a 1983 da 1985, ya buɗe kakar 1985/86 da nasara goma a jere, aka ce bana kam lig ta zo, ya ƙare na huɗu.

A daidai wannan lokaci Liverpool na nuna wata hanya dabam. Da Bill Shankly ya yi ritaya a 1974 ya ci gaba da zuwa filin atisaye, 'yan wasa na gaishe shi kamar har yanzu shi ne shugaba. Mahukuntan ƙungiyar suka nuna masa cewa zuwan ya isa. Abin ya yi masa ciwo, mutane da yawa kuma sun ga rashin kara a ciki. Amma Bob Paisley ya samu sarari, bayansa Joe Fagan, bayansa Kenny Dalglish, duk 'yan gida. Daga 1973 zuwa 1990 Liverpool ta ci lig sau 11. United ko sau ɗaya.

Haƙurin da aka yi wa Ferguson

Ranar 6 ga Nuwamba, 1986, Alex Ferguson ya zo daga Aberdeen, inda ya ci lig na Scotland sau uku a gaban Celtic da Rangers, ya kuma doke Real Madrid a wasan ƙarshe na wani kofin Turai a 1983. Wasansa na farko Oxford United ta ci shi biyu ba ko ɗaya. A kakanninsa huɗu na farko ya ƙare na 11, na 2, na 11, sai na 13. A Satumban 1989 City ta lallasa shi biyar da ɗaya, kafin ƙarshen shekarar kuma wani ɗan kallo ya ɗaga ƙyalle a Old Trafford yana cewa ya kama gabansa.

A nan masu cewa a yi haƙuri ke samun hujjarsu. Labarin da aka fi bayarwa shi ne ƙwallon da Mark Robins ya ci Nottingham Forest da ka a zagaye na uku na Kofin FA a Janairun 1990 ita ta ceci aikinsa. Shugaban ƙungiyar na lokacin, Martin Edwards, ya sha musanta cewa an yi niyyar korarsa. Ko wanne ne gaskiya, abin lura shi ne dalilin haƙurin. Daraktocin, har da Bobby Charlton a cikinsu, suna ganin abin da ɗan kallo ba ya gani. Ferguson ya tarar City ta fi United kwasar yaran garin Manchester, ya ƙara masu farautar 'yan wasa, ya farfaɗo da makarantar matasa, shi da kansa yake zuwa gidajen iyaye. Ya tarar da shaye-shaye ya yi katutu a tsakanin manyan 'yan wasa, ya sayar da Paul McGrath da Norman Whiteside a 1989 duk da son da magoya baya ke musu. Ba zaman jiran sa'a aka yi ba, aiki ake kallo yana tafiya a ƙasa.

Wasan ƙarshe na Kofin FA na 1990 ya nuna irin mutumin. An tashi uku da uku da Crystal Palace, dole a sake. Mai tsaron ragarsa Jim Leighton ne, wanda suka yi shekaru tare tun Aberdeen, shi kuma ya kawo shi Manchester. Ya ga hannunsa na rawa, ya ajiye shi, ya sa Les Sealey da ke zaman aro daga Luton. United ta ci ɗaya mai ban haushi. Dangantakarsa da Leighton ba ta sake gyaruwa ba.

Kofin lig ya zo a 1993, bayan shekara 26, watanni kaɗan da sayo Eric Cantona daga Leeds. Sauran labarin sananne ne: lig 13, Kofin FA biyar, Kofin Zakarun Turai a 1999 da 2008.

Makullai duka a aljihu ɗaya

Abin da ya bambanta Ferguson da waɗanda suka gabace shi ba dabarar wasa ba ce kawai. Ba ya barin ɗan wasa ya fi ƙarfinsa. A 1995 ya sayar da Paul Ince da Mark Hughes da Andrei Kanchelskis a bazara ɗaya, ya ɗora Beckham da Scholes da Butt da 'yan gidan Neville. Jaap Stam ya tafi a 2001, Beckham a 2003, Roy Keane a 2005, Ruud van Nistelrooy a 2006. Mataimakansa ma canza su yake yi, daga Archie Knox zuwa Brian Kidd, Steve McClaren, Carlos Queiroz, Mike Phelan, kowanne ya zo da sabon tunani a filin atisaye shi kuma yana tsaye gefe yana kallon fuskokin 'yan wasa.

Duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san irin wannan maigida. Shi ya san gonar da za a sa gero da wadda za a huta, shi ke riƙe makullin rumbu, shi ya san bashin da ake bi da wanda ake bin gidan, shi ke raba gardamar matan 'ya'yansa. Muddin yana raye gidan ya fi kowane gida a gari tsari. Amma tsarin a kansa yake, ba a rubuce ba, ba a kuma koya wa kowa ba. Haka United ta kasance na tsawon shekara 26. Yayin da manyan ƙungiyoyin Turai ke naɗa daraktan wasanni mai kula da saye da sayarwa da salon wasa ko koci ya canza, United ba ta ga buƙata ba. Tana da Ferguson, tana da David Gill a ofis, su biyun kan zauna su yanke.

A bazarar 2013 dukansu biyu suka tafi.

Kowa ya zo da nasa

Bayan wasansa na ƙarshe a Old Trafford Ferguson ya karɓi abin magana a tsakiyar fili ya roƙi magoya baya su mara wa sabon koci baya. Shi ya zaɓi David Moyes, ɗan ƙasarsu, wanda ya yi shekara 11 a Everton, aka ba shi kwantiragin shekara shida. An ɗauka za a sake samun wani mai dogon zama. Moyes ya sallami Phelan da mai horar da masu tsaron raga Eric Steele, ya kawo mutanensa. A ofis kuma Ed Woodward ne ya gaji Gill, gwani ne wajen jawo kuɗin talla amma sabo ne a cinikin 'yan wasa. Kasuwar bazarar ta ƙare da Marouane Fellaini a ranar rufewa, a kan fam miliyan 27.5. Ƙungiyar da ta ci lig da tazarar maki 11 ta ƙare ta bakwai, Moyes kuwa ko wata goma bai cika ba, aka kore shi a Afrilun 2014.

Wato a 1969 tsohon maigida ya ƙi matsawa, a 2013 kuma an kwashe duk waɗanda suka san gidan a lokaci guda. Sakamakon ɗaya ne.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci wa ƙungiyar kuɗi. Van Gaal mai son riƙe ƙwallo ne da yawan ba-ni-in-ba-ka, aka saya masa Ángel Di María a kan fam miliyan 59.7, shekara guda ya yi ya wuce Paris. A Mayun 2016 Van Gaal ya ci Kofin FA, yana cikin murna a Wembley labarin cewa Mourinho zai gaje shi ya riga ya bazu a wayoyin mutane, kwana biyu bayan nan aka sallame shi. Ko me mutum ke gani game da wasan Van Gaal, wannan ba tarbiyya ba ce. Mourinho kuma mai tsare gida ne da kai harin ba-zata, yana son ƙarfafan 'yan wasa da suka goge. Aka dawo da Paul Pogba a kan fam miliyan 89, yaron da ya bar ƙungiyar kusan kyauta a 2012. Mourinho ya ci kofin Europa da na League Cup a 2017, ya zo na biyu a 2018 amma maki 19 ne tsakaninsa da City, a Disamba aka raba gari.

Ole Gunnar Solskjær ya zo riƙon ƙwarya, ya yi ta cin wasanni, ya fitar da PSG a Paris, cikin zumuɗi aka tabbatar masa da kujerar a Maris 2019. A zamaninsa ne Odion Ighalo ya zo aro daga Shanghai Shenhua a farkon 2020, ɗan Najeriya na farko da ya buga wa babbar tawagar United. Solskjær ya kai su na biyu a 2021, ya rasa kofin Europa a hannun Villarreal a bugun fenariti, 11 da 10, sannan Liverpool ta ci shi biyar a gida, Watford ta ƙara huɗu, ya tafi. Ralf Rangnick ya riƙe na wata shida. Ten Hag ya sayo 'yan wasa da dama da ya sani tun Holan, ya ci League Cup a 2023 da Kofin FA a 2024, aka tsawaita masa kwantiragi a Yuli, aka kore shi a Oktoba. Amorim ya zo da tsarin masu tsaron baya uku, ya tarar da tawagar da ba don wannan aka tara ta ba, aka ƙare na 15 a 2025, Tottenham kuma ta ƙwace kofin Europa a Bilbao.

Duba jerin nan da kyau. Babu koci biyu a jere da ke buga ƙwallo iri ɗaya. Kowane sabo kan tarar da 'yan wasan da aka saya wa na gabansa da tsada, da albashin da babu mai iya ɗauke su, ya ce ba su dace da shi ba, a sake buɗe lalita. Sai a 2021 United ta naɗa daraktan ƙwallo na farko, John Murtough. Makwabtanta City sun kawo Txiki Begiristain tun 2012, ya yi shekara huɗu yana share fage kafin Pep Guardiola ya iso. Da Jim Ratcliffe ya sayi kashi ɗaya cikin huɗu da ɗoriya na ƙungiyar a farkon 2024 ya karɓi ragamar harkar ƙwallo, an ɗauko Dan Ashworth daga Newcastle a matsayin darakta bayan doguwar ja-in-ja, ya yi wata biyar ya tafi.

To wa ke zaɓar kocin, wa ke zaɓar daraktan, da wace manufa? Nan maganar ta wuce benci ta hau bene. A 2005 iyalan Glazer na Amurka sun sayi United a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawan kuɗin bashi ne da aka jibga wa ƙungiyar kanta. Nasarorin Ferguson sun rufe wannan na shekara takwas. Babi na gaba zai bi sawun kuɗin: yadda aka yi cinikin, abin da ƙungiyar ke biya kowace shekara saboda shi, da dalilin da ya sa magoya baya suka koma ɗaura gyale mai launin kore da ruwan ɗorawa na Newton Heath.